Sifikar Ɗakin Inna

A shekarun da albashin ma'aikatan tarayya ya ɗan yi kauri, wata cuta ta kama mazan layinmu a Gwarinpa: kowa sai ya sayi kayan kallo masu sifika biyar. Idan ka bi layin ranar Asabar da yamma sai ka ji gidaje suna ruri ta bayan katanga, wannan ana harbe-harbe, wancan jirgi na tashi. Maigidana ma bai tsira ba. Ofishinsu ya tura shi kwas Dubai, ya dawo da kwali uku manya, ni kuwa tsarabata gyale ɗaya.

Wuni guda ya yi yana haɗawa, littafin bayani a buɗe kan kafet, yana bin hoto ba ya karanta rubutun. Sifika biyu a gefen talabijin, wata doguwa a kwance ƙarƙashinta, biyu a bango bayan kujeru, sai wani ƙaton baƙin akwati a ƙasa mai sa gilashin taga rawa. Ya huda min bango wuri huɗu, ƙurar siminti ta ɓata labulen da ban daɗe da ɗinkawa ba, na yi ta mita bai ko ɗago kai ba. Kowace waya da launinta a baki, ja a soke a ja, kore a kore. Da ya gama ya sa wani fim ɗin Turawa, jirgi ya taso daga bayana ya bi ta kaina, ban san lokacin da na sunkuya ba. Ya yi dariya har da hawaye. A wurinsa, da ni ma, sifika sifika ce. An yi su biyar ne don ƙara ta yi yawa, iyakar saninmu ke nan.

A shekarar ne mahaifina ya rasu. Da Inna ta fita takaba na tayar da ƙayar baya a gida, na ce Abuja za ta dawo wurina. Tana da ciwon suga, ga yanar ido ta fara rufe mata gani, a nan kuwa asibiti yana kusa. Ƙannena maza suka ce uwa ba ta zama gidan suruki alhali tana da 'ya'ya maza. Na ce musu 'ya'ya mazan da ba su san sunan maganinta ba. Sai da kawunmu ya shiga tsakani, aka yanke cewa za ta zauna wurina zuwa babbar salla. In zaman ya karɓe ta, shi ke nan, in bai karɓe ta ba babban ƙanena ya zo ya ɗauke ta, ni kuma kada in sake tayar da zancen. Na amince da ƙarfina. Ina son Inna kusa da ni, wannan gaskiya ne, amma ina kuma son in ci galaba a kan ƙannena, shi ma gaskiya ne.

Abin da ban lissafa da shi ba, irin rayuwar da na ciro ta daga ciki. A garinmu, da an yi la'asar ake fito da talabijin tsakar gida a ɗora a kan tebur, matan maƙwabta su shigo da kujerunsu, a sa fim ɗin Hausa. Inna ba ta ganin fuskoki sosai, amma murya ba ta ɓace mata. Ita ce mai zagin mugu, ita ce mai gargaɗin wadda za a cuta tun kafin a cuce ta, wani lokaci har sai an ce Inna ki bari mu ji. Ko da Baba yake kwance bai hana a kunna ba, ya ce surutunta ya fi masa fim ɗin.

A Gwarinpa kuwa ƙarfe bakwai na safe mun fice, ni ma'aikatarmu, shi tasu. Yaranmu biyu suna makarantar kwana. Maƙwabta kowa da get ɗinsa a rufe, waɗanda ke hannun damanmu ma sai da muka shekara ban san matar gidan ba. Ɗakin da na ba Inna yana can ƙarshe, bayan kicin, ƙofa biyu tsakaninsa da falo, ga janareta a bayan tagarsa. Na zaɓe shi ne don tana da banɗakinta a ciki, ba sai ta riƙa giftawa gaban maigidana ba.

Don kuwa Inna ba ta zama inda surukinta yake. Tarbiyyarsu ce. Da safe zai durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa daga ciki, fuska a juye. Falo kuwa ta ɗauke shi wurinsa, ko ba ya nan ba ta zama a kujerunsa, balle ta taɓa rimot guda uku da ke kan tebur. Ya ce zai riƙa fita ya bar mata falon ranar Asabar, ta aiko ni in ce masa ba a korar mutum daga gidansa saboda ita. Na ce to a saya mata ƙaramar talabijin a ɗaki. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta zauna ita kaɗai tana dariya da bango, tana da rediyonta in labarai take so. Ni kuma 'yar fari ce, ko sunana ba ta kira, ba mu saba zama mu yi doguwar hira ba. In na shiga ɗakinta, abinci ne ko magani, in ajiye in tambayi jiki in fito.

Maigidana ne ya kawo dabarar, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ce tunda Inna kunne take bi ba ido ba, kuma abin da take so a yi kallo tare ne, me zai hana a cire sifika ɗaya a kai mata ɗaki? Mu muna falo, ita tana ɗakinta, fim ɗaya, lokaci ɗaya, ba wanda ya shiga hurumin wani. Na ji daɗin maganar ƙwarai. Ya duba cikin biyar ɗin ya zaɓi ta bayan kujera, ta hagu, don ita ta fi kusa da hanyar kicin kuma cire ta ba zai ɓata fasalin gaban talabijin ba.

Ya sayo doguwar waya, ya aro tsani, ya shiga cikin silin da rana tsaka. Ina jin sa yana ja da ciki a sama yana tari. Ya fito jiƙe da gumi, yanar gizo-gizo a gemunsa, hannu ya yanke a wuri biyu. Ɗakin surukarsa ba ya shiga, saboda haka ya zuro wayar a bakin ƙofa, ni na ja ta ciki na buga ƙusa na rataye sifikar saitin gadonta. Duk wannan Inna tana waje, ta bayan kicin, a kan tabarma, ta ba shi wuri. Da aka zo gwaji, fim ɗin nan nasa na yaƙi ya sa. Sifikar ta ɗauki rugugi da ƙarar iska, har a bakin ƙofa ya jiyo. Ya tambaya ko ta yi, na ce ta yi. Ban cika minti ɗaya a ɗakin ba na fito, ina da tukunya a wuta.

Daga nan muka kafa al'ada. Duk Asabar da Lahadi bayan la'asar a tayar da janareta in babu wuta, a sa faifan fim ɗin Hausa da na sayo a kasuwa. Kafin in zauna sai in leƙa ta kicin in ɗaga murya.

"Inna, an sa. Kina ji?"

"Ina ji."

Sai in ja ƙofa in koma falo. Mu yi ta dariya, shi da bai damu da finafinan Hausa ba har ya fara sanin 'yan wasan. In an gama na kai mata abinci na tambaye ta yaya ta ji fim ɗin, sai ta ce duniya ke nan, Allah ya kyauta. Kullum amsar ke nan. Ba zagin mugu, ba tausayin wadda aka cuta. Da farko na ce rashin Baba ne. Da aka yi wata biyu abin ya fara ba ni haushi. Tana ramewa, tana rage cin abinci, likita ya ce sugan ba shi da laifi, ni kuwa ina ganin babbar salla tana matsowa.

Wata Lahadi na kasa haƙuri. Na tsaya a kanta da faranti a hannu na ce mata mutumin nan ya shiga silin saboda ita, ni kullum ina yawon neman faifai saboda ita, amma ko sau ɗaya ba ta nuna ta ji daɗi ba, me kuma take so mu yi mata? Ban taɓa yi mata magana da irin wannan muryar ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya yi mana albarka, mun yi iyakar yinmu. Na fito ina huci, na ce wa maigidana tsofaffi ba a iya musu. Wannan maganar har yau tana ci na.

Kwana kaɗan bayan haka ƙanena ya kira ni. Ya ce Inna ta sa an buga masa waya, ta ce ya zo bayan salla da kwana uku. Bai yi min dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Na yi kwana biyu ina ajiye mata abinci ba na cewa komai sai sannu.

Saura mako biyu salla aka kawo wuta da ƙarfi ana tsakiyar kallo, wani abu ya yi ƙara a bayan talabijin. Hoto bai tafi ba, amma magana ta ɗauke. A fim ɗin Turawa kiɗa na tashi, mota na wucewa, bakin mutane na motsi ba abin da ke fita. A na Hausa kuwa kusan shiru ne gaba ɗaya, sai wani huci da ɗan amo can ƙasa-ƙasa. Maigidana ya ce faifan ne, ya goge shi da gefen rigarsa, ya canza wani, ya canza na uku. Ya ciro wayoyi ya hura ya mayar, ya danna duk abin da ke jikin rimot har rubutun talabijin ya koma wani yare da ba mu sani ba. Washegari yana da tafiya Legas taron mako guda, ya ce in nemo mai gyara.

Mai gyaran da aka kwatanta min a kasuwa dattijo ne mutumin Filato, mai furfura a gefen kai, ya zo da jakarsa a bayan babur ranar Asabar da hantsi. Bai yi minti goma ba ya gano. Ya ɗaga doguwar sifikar nan ta ƙarƙashin talabijin, ya ce ita ta ƙone, yana da irinta a shago. Na ce ta yaya guda ɗaya za ta ƙone magana ta ɗauke duka, ga sauran lafiyarsu ƙalau? Ya ce ai kowacce da aikinta. Sannan ya juya yana ƙirgawa da yatsa, ya tsaya a kan ƙusar da ke bango babu komai, ya tambaya ina ta biyar. Na gaya masa, har da ɗan alfahari, yadda aka ja ta zuwa ɗakin mahaifiyata don ta riƙa jin fim.

Ya juyo ya dube ni.

"Madam, na baya ba ya magana fa. Duk magana daga wannan na tsakiya yana fita. Na baya iska ne kawai, da ruwan sama, da ƙarar mota. In fim na Hausa ne ma, babu komai a ciki. Mama yana jin me?"

Na ce ya fara gyara ta falon. Ya koma shago ya kawo sabuwar sifikar ya haɗa, magana ta dawo falo tangaran. Na sa faifan da muka kalla makon da ya wuce, na ƙara murya yadda muka saba, na bi ta kicin na buɗe ƙofar Inna na shiga na rufe.

Tana zaune a bakin gado, ta juyo da fuskarta wajen sifikar, hannuwa a cinya. Ashe da ta ji motsin an kunna ta gyara zama, kamar yadda take yi duk mako. Na tsaya na kasa kunne. Huci ne kawai, irin na rediyon da ba a kama tasha ba. Can sai wani ɗan amo ya taso kamar ana kiɗa a unguwa ta uku, ya koma. Ga janareta a bayan taga. Na san a daidai lokacin a falo wata mata tana zazzaga wa mijinta masifa, wurin da muka yi dariya har maigidana ya ƙware. Nan ko kalma ɗaya babu. Na lura sifikar ba ƙura a jikinta, tana goge ta. Wata huɗu ke nan.

Na zauna a ƙasa. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar farko. Ta ce da fari ta ɗauka kunnenta ne ya bi idon, ta tsorata, ta yi kwanaki tana gwada kanta. Sai ta ga tana jin rediyo, tana jin kiran salla daga masallacin bayan layi, har dariyarmu takan jiyo in an bar ƙofar kicin a buɗe, ta gane ba daga ita ba ne. Na ce to don me ba ta faɗa ba, don me kullum take ce min tana ji?

"Mutum ya hau sama da rana, ya yanke hannu saboda ni. Da wane bakin zan ce aikinsa bai yi ba?"

Na ce ai ni za ta gaya wa, ba shi ba. Ta shiga murza bakin zanenta. Da ta yi magana ba da faɗa ta yi ba, ba kuma da gori ba, yadda ake faɗin an yi ruwa jiya ta faɗe ta.

"Na ce wata rana wani zai shigo ya zauna, sai ya ji da kansa."

Kuka na yi a gabanta, abin da rabona da shi tun ina yarinya. Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce in tashi, akwai baƙo a falo.

Gyaran bai ɗauki komai ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Dattijon ya ɗauki rimot ya danna wani maɓalli sau biyu, ya nuna min shi, ya ce in aka bar shi a haka duk sifikun abu ɗaya za su riƙa faɗa. Maɓallin yana nan tun ranar da aka buɗe kwali, ƙarƙashin babban yatsan maigidana. Nan take muryar matar nan mai masifa ta cika ɗakin Inna. Mai gyaran ya ƙi karɓar ko sisi a kan wannan, ya ce a gaida Mama, ya hau babur ɗinsa.

Ranar a ɗakinta na kalli fim ɗin, in ana kiran wannan kallo, ni a ƙasa ita a gado, muna fuskantar bango. Wajen tsakiya ta ce wa mijin fim ɗin amma dai kai an yi sakarai, ta yi 'yar dariya ta rufe baki da mayafi. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan an gyara. Da aka gama na roƙe ta ta zauna. Na ce zan kira ƙanena in ce an fasa, na ce kullum zan riƙa shigowa, na yi alkawura da yawa. Ta saurare ni har na gama. Ta ce magana ta riga ta fita, an share mata ɗakinta a can, matan unguwa sun ji tana tafe, ba za ta mayar da ɗanta ƙaramin mutum ba. Sannan ta ce abu ɗaya take so in yi mata: kada maigidan ya ji wannan zancen, ko bayan ranta. Ta sa na amsa da bakina.

Sauran kwanakin na riƙa shiga ina zama. Amma zaman mai jiran mota ne, kayanta a ɗaure a gefen gado, ni da ita duk mun sani. Maigidana ya dawo ya tarar magana ta dawo falo, ya tambayi abin da ya lalace, na ce ta tsakiyar ce ta ƙone. Ya lura jirgi ya daina bi ta kansa, ya ce mai gyaran nan ya taɓa masa saiti, na ce ya bar shi haka ni ya fi min.

Bayan salla da kwana uku ƙanena ya zo da safe. Aka sa kaya a but ɗin mota. Maigidana ya durƙusa a bakin ƙofarta yin sallama, yana ba ta haƙuri in akwai abin da aka yi mata ba daidai ba. Inna, wadda gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da shi, ranar ta yi masa doguwar magana daga cikin ɗaki. Ta ce babu komai sai alheri. Ta ce abin nan da ya rataya mata shi ya riƙa ɗebe mata kewa tun da ta zo, Allah ya ba shi masu yi masa. Ya sunkuyar da kai yana amin, amin, kunnuwansa har rawa suke don daɗi.

Muka tsaya a bakin get har motar ta sha kwana. Ban sake zama da Inna a gida ɗaya ba, sai ziyarar kwana biyu ko uku, har Allah ya karɓi abarsa. Maigidana ya rufe get ɗin, ya dafa kafaɗata ya ce in daina kuka, ba laifinmu ba ne, ai na ji da kunnena abin da ta ce, ko ba komai ba ta zauna cikin kaɗaici a gidanmu ba. Yana kallona yana jiran in tabbatar masa.

Na ce masa haka ne.